Tsohuwar riga ta miliyan 250: me ke cikin ɗinkin hannu na Faransa?



Kwanakin baya wata ƴar'uwarmu da ke zaune a Faransa ta turo mana hoton wata ƴar rigar mata, ruwan ɗorawa, mai ƙyalli tun daga wuya har ƙugu. Ta haɗo da tambaya: wai da gaske ne an sayar da wannan tsohuwar riga miliyoyin kuɗi, kuma me aka gani a jikinta? Da muka karanta saƙon a cikin shiri, sai waya ta yi ta ƙara. Wani ya ce ƙaryar intanet ce. Wata tela kuma ta ce a ba ta yadi da sati biyu, a ga in ba ta fitar da irinta ba. Mun yi alkawarin za mu dawo da bayani a rubuce, to ga shi.

Ba ƙarya ba ce. A watan Nuwamba na 2019, gidan gwanjo na Christie's da ke Paris ya sayar da rigar a kan Yuro 382,000, wato wajen miliyan 250 na kuɗinmu na sefa. Gwanjon nan ba irin na bosho ba ne da muke tsinta a kasuwa. Zama ake yi, kowa na ƙara tayi, wanda ya fi kowa ya ɗauka. Wani gidan adana kayan tarihi na birnin Melbourne a Ostireliya ne ya saya. Rigar kuwa ta 1988 ce, daga gidan ɗinkin Yves Saint Laurent, irin wadda ake sawa a fita taron dare. Furannin da ke jikinta an kwaiko su ne daga wani sanannen zane na Van Gogh, na furen nan mai bin rana.

Amsarmu a taƙaice ita ce: ba yadin aka saya ba. Lokacin mutane aka saya, da ƙwarewar yatsunsu. Amma kafin a gane haka sai mun ɗan koma baya.

A Faransa akwai wani matakin ɗinki da suke kira haute couture, ma'anarsa ɗinki mai daraja ta sama. Abin mamaki, wanda ake ɗauka a matsayin uban sana'ar ba Bafaranshe ba ne. Baturen Ingila ne, Charles Frederick Worth, wanda ya buɗe gidansa a Paris a 1858, ya kuma zama telan Eugénie, matar sarki Napoleon na uku. Kafin shi, mace ce ke kawo yadinta ta gaya wa tela yadda take so, kamar dai yadda muke yi a nan. Worth ya juya al'amarin. Shi ne ke zana abin da ya ga dama, ya sa mata su saka su yi tafiya a gaban masu saye, ke kuma ki zaɓa a ɗinka miki daidai jikinki. Ya kuma riƙa ɗinka sunansa a cikin riga. Ku riƙe wannan maganar ta suna, za mu komo kanta.

Tun daga 1945 doka ce ke kare sunan haute couture. Ba kowa ne zai rataya allo a ƙofar shago ya rubuta shi ba. Dole gidan ya kasance yana da ɗakin ɗinki a Paris da ma'aikata na dindindin, yana ɗinka wa kowace mai saye tata rigar bisa awonta tare da gwaji a jikinta, kuma yana nuna sababbin kaya sau biyu a shekara, a Janairu da Yuli. Bayan yaƙin duniya na biyu irin waɗannan gidaje sun haura ɗari. Yau cikakkun membobi ba su kai ashirin ba.

Yadda ake aikin ma daban ne. Ba a taɓa sa almakashi a yadi mai tsada da farko. Sai an ɗinka rigar gaba ɗaya da farin yadi mai araha, kamar akoko, an gyara ta har ta zauna, sa'annan a warware ta a yi yanka a kanta. Mai saye ta kullum kuma ana yi mata gunkin awo, a cusa masa auduga har ya yi daidai da ƙirarta, a rubuta sunanta a ajiye. Matan da ke wannan ɗinki ana ce musu petites mains, wato ƙananan hannuwa. Yawancin aikin da allura da zare suke yin sa, keke ba ya shiga sai wurin dogon layi.

A cikin dukan abin da waɗannan gidaje ke fitarwa, rigar dare ita ce uwa. Ita ce doguwar rigar da matan masu mulki da na attajirai da taurarin silima ke sawa zuwa liyafa ko gidan wasa. Da yake da dare ake sa ta, a ƙarƙashin fitilu, an gina ta ne don ta kama haske. Shi ya sa ado ya taru a kanta: duwatsu, zaren zinariya, leshi, gashin tsuntsu, da wasu ƴan faya-fayai masu ƙyalli kamar ɓawon kifi, masu huda a tsaka, waɗanda Faransawa ke kira paillettes. Matanmu sun san su, suna nan a jikin leshi da mayafai.

Zamanin da masu tara tsofaffin riguna suka fi nema shi ne shekaru goma na Christian Dior. Ranar 12 ga Fabrairu 1947 ya nuna kayansa na farko a Paris: ƙugu a tsuke, siket a buɗe har ƙauri, yadi kamar ba a san tsadarsa ba. Wata ƴar jarida daga Amurka, Carmel Snow, ta raɗa wa salon suna New Look, wato sabon yayi, sunan ya bi shi. Ba kowa ya yi murna ba fa. Yaƙi bai daɗe da ƙarewa ba, talakan Faransa na fama da ƙarancin tufafi, ga wani yana zuba mita goma sha wani abu a riga guda. Mu dai ba mu ga laifin waɗanda suka ji haushi ba.

A 1949 Dior ya fitar da wata rigar dare mai suna Junon, wadda har yau ake ba da misali da ita. Siket ɗinta ba yadi ɗaya ba ne. Fallaye ne masu siffar ganye, an jera su wani bisa wani tun daga ƙugu har ƙasa, kowane an cika bakinsa da faya-fayai shuɗaye da koraye da masu launin tsatsa, yadda in mace ta motsa sai ka ga kamar ɗawisu ya baje wutsiya. Akwai guda a gidan tarihi na Metropolitan da ke New York. Dior ya rasu a 1957, amma a 2023 gidansa ya sake ɗinka irinta, ƴar wasan silima Natalie Portman ta sa ta a bikin fina-finai na Cannes.

To ga inda maganar take. Adon da ke jikin Junon ba Dior ya yi shi ba, ba kuma telolinsa ba. Wani gida ne daban, mai suna Rébé, wanda ba ya komai sai surfani. Haka tsarin yake a Paris. Mai zane ya zana, ɗakin ɗinki ya yanka, sai a kai yankakkun sassan wurin masu surfani, ko masu gashin tsuntsu, ko masu yin furanni na yadi, ko masu maɓalli. Kowane gida da sana'arsa guda, wasu tun kaka da kakanni. Wanda ya taɓa ba da aikin babbar riga ya san irin wannan: mai yanka daban, mai zana aska takwas daban, mai zama da allura wata da watanni daban.

Gidan surfanin da ya fi suna shi ne Lesage. Asalinsa wani ɗakin aiki ne mai suna Michonet, wanda ya yi wa Worth aiki tun a ƙarni na 19. A 1924 Albert Lesage da matarsa Marie-Louise suka saye shi. A shekarun 1930 su ne suka yi wa Elsa Schiaparelli, wata Ba'italiya mai gidan ɗinki a Paris, rigunanta masu giwaye da dawakai da taurari. Ɗansu François ya karɓi gidan a 1949 yana ɗan shekara ashirin, ya riƙe shi har kusan rasuwarsa a 2011. Duk samfurin da suka taɓa yi suna ajiye da shi, yanzu sun kai wajen 75,000. Mai zanen riga kan je ya zauna yana buɗe akwatunan nan ɗaya bayan ɗaya yana neman abin da zai kama masa ido.

Bari mu tsaya kan yadda suke aikin, don a nan kuɗin ke shiga.

Da farko ana zana adon a takarda mai shara-shara, daidai girman sashen rigar. Sai a bi kowane layi na zanen a huhhuda shi da ƙananan huji. A shimfiɗa takardar bisa yadin, a goga wani gari a kai, garin ya bi ta hujin ya bar ɗigo-ɗigo a jikin yadin. Waɗannan ɗigon su ne hanyar da mai surfani za ta bi. Daga nan a ɗaure yadin a katako mai kusurwa huɗu, a ja shi ya yi tauri kamar fatar ganga.

Akwai aikin allura da muka sani, akwai kuma aikin wata ƴar ƙugiya mai kama da ta kwarashi, wadda ta ɗauki sunan Lunéville, wani gari a gabashin Faransa inda aka soma jera duwatsu da ita wajejen 1865. Abin da zai ba ku mamaki, da wannan ƙugiya ta baya ake aiki. Fuskar yadin na kallon ƙasa, bayansa ne ke gaban mai aikin. An riga an zura duwatsun a zare, suna rataye a ƙarƙashin katakon. Hannu ɗaya na sama riƙe da ƙugiya, ɗayan na ƙasa. Ta soka ƙugiya, yatsan ƙasa ya turo dutse ɗaya, ƙugiya ta kamo zaren ta fito da shi, dutsen ya zauna. Ta sake sokawa. In yadin mai kauri ne, ba ta ma ganin abin da take jerawa, da yatsa take jin sa. Ɗaya bayan ɗaya, ba biyu ba.

Yanzu mu koma ga rigar da ƴar'uwarmu ta turo. Lesage ne ya yi adonta, kuma ya ci fiye da awa 600. Tana da ƴar'uwa da aka yi su tare a 1988, mai shuɗin fure, ita ma daga zanen Van Gogh. A jikin wannan ta biyun akwai faya-fayai 250,000 masu launi 22, da duwatsu 200,000, da mita 250 na ƙyallen ribon. Ku yi lissafi da mu. Awa 600, in mutum ɗaya ne yana awa takwas kullum, kwana 75 ke nan, wata biyu da rabi ba hutun Lahadi. Kuma launi 22 ɗin nan ba don yawa aka tara su ba. Ana so ne inda mai zane ya goga fenti mai duhu ya bi da mai haske, a fitar da shi haka da duwatsu, har da tudun fentin. Saboda haka, hajiya tela da kika ce sati biyu, a yi haƙuri, mun ƙara miki lokaci.

Akwai wani ɓangaren adon da ya taɓo mu kai tsaye, wato gashin jimina. A ƙarni na 19, musamman shekarun 1870 da 1880, matan Turai sun haukace kan gashin jimina a huluna da mafitai da bakin riguna. Wani kaso na wannan gashi daga yankinmu ya fito. Fatake na tara shi a Damagaram da Kano da Barno, ayarin raƙuma ya ratsa Sahara da shi zuwa Tarabulus, daga can jirgin ruwa ya kai shi Landan da Paris. Daga baya gonakin kiwon jimina na Afirka ta Kudu suka mamaye kasuwar, sa'annan kasuwar kanta ta faɗi wajejen 1914. A lokacin da abin ke tashe, gidajen masu aikin gashin tsuntsu a Paris ɗaruruwa ne. Yau ana iya ƙirga su da yatsun hannu, kuma wanda ya fi suna a cikinsu shi ne Lemarié, da aka kafa a 1880. Ita kuwa jiminarmu mai jan wuya ta kusa ƙarewa a daji. Sai da aka kafa wurin kiwonta a Kelle, cikin jihar Damagaram, don kada irinta ya ɓace.

Yves Saint Laurent, wanda a Oran ta Aljeriya aka haife shi a 1936, ya taɓa waiwayo nahiyarmu ta wata hanyar. A 1967 ya fitar da rigunan dare da aka yi wa ado da zaren tukurwa da duwatsun itace da ƙwanson ruwa, a wurin da aka saba ganin lu'ulu'u da zinariya. Ana kiran wasunsu Bambara, da sunan mutanen Mali. An yaba masa ƙwarai. Sunan ƙabila dai ya fito, amma ba a ji na wani mai sana'a daga can ba.

Ba kowane ado ne ake liƙawa ba. Madame Grès ba ta cika son duwatsu ba, adonta ninki ne. Takan ɗauki siliki mai faɗin kusan mita uku ta yi ta ninke shi da hannu, siriri-siriri, har ya koma bai kai faɗin tafin hannu ba. Madeleine Vionnet kuma ta yi suna da yanka yadi a karkace, yadda riga za ta bi jiki ta zubo kamar ruwa.

Vionnet ɗin nan ta cancanci a ƙara mata magana, don ta san zafin allura, tun tana yarinya take ɗinki. A gidanta ma'aikata na da hutu da albashi, da wurin renon yara, da likita har da na haƙori, a zamanin da ba a saba da haka ba. Ta kuma riƙa dangwala yatsanta a tambarin kowace riga saboda masu kwaikwayo. Ba duk gidaje ne haka ba. A watan Mayu na 1917, ana tsakiyar yaƙin duniya na farko, mata masu ɗinki na Paris suka ajiye allura suka fito titi dubbai, saboda an ce za a riƙa sallamarsu ranar Asabar da rana a yanke musu kuɗin. Sun yi nasara, aka ba su hutun da kuɗinsu.

Kun tuna maganar suna da muka ce ku riƙe? In ka buɗe cikin ɗaya daga waɗannan riguna, suna ɗaya za ka gani, na mai gidan. Wani lokaci da lamba, wadda ke nuna wa aka ɗinka wa da kuma yaushe. Matar da ta yi wata biyu a duƙe tana turo duwatsu da yatsa, babu sunanta ko'ina. A wurin gwanjo ma sunan mai gidan ake kira. Mu a ganinmu wannan ita ce babbar tawayar sana'ar, kuma ba baƙuwa ba ce a wurinmu. Wa ke tambayar sunan wanda ya yi aikin wuyan rigar da ake yaba wa mai ita ranar biki?

Daga shekarun 1960 kasuwar ta soma ja da baya. Kayan da aka ɗinka aka ajiye a kanti suka yawaita, har Saint Laurent da kansa ya buɗe irin wannan kanti a 1966. Cristóbal Balenciaga, ɗan Spaniya da sauran teloli ke ɗauka a matsayin malaminsu, ya rufe gidansa a 1968. Duk gidan ɗinkin da ya rufe kuwa, masu surfani da masu gashi da masu maɓalli sun rasa mai ba su aiki. Tsofaffin ma'aikata na barin aiki, yara ba sa shigowa. François Lesage ya buɗe makarantar koyon surfani a 1992. Kamfanin Chanel kuma ya shiga sayen waɗannan ƙananan gidaje ɗaya bayan ɗaya: Lemarié a 1996, Lesage a 2002, da wasu. Ba sadaka ba ce, in suka mutu shi ma ba shi da inda zai kai aikinsa. An bar su suna yi wa sauran gidaje aiki, kuma yanzu an tara da dama daga cikinsu a gini ɗaya a arewacin Paris, mai suna le19M. A watan Disamba na 2022 Chanel ya kai bikin nuna aikin waɗannan masu sana'a birnin Dakar na Senegal.

Sai dai a faɗi gaskiya duka. Surfani mai yawa da ake gani yau a jikin kayan manyan gidajen Turai a Indiya ake yin sa, a Mumbai da Chennai, inda maza suka gaji aikin ƙugiya tun da daɗewa kuma ladansu bai kai na Paris ba. Shi ma wannan ba kasafai ake rubuta shi a tambari ba.

Abu na ƙarshe da ke ɗaga farashin tsofaffin rigunan shi ne, kaɗan ne suka tsira. Tun asali ba a yi su da yawa ba, wata ma guda ɗaya ce tak a duniya. Sa'annan adon da ya ƙawata su shi ke kashe su. Rigunan shekarun 1920 yadinsu shara-shara ne, duwatsun kuwa nauyi gare su, in aka rataye su shekara da shekaru sai kafaɗa ta yage. Faya-fayan wancan zamani da yawa da wani abu mai kama da ƙaro aka yi su, ruwa ko zufa ko zafin guga na narkar da su. Silikin ƙarshen ƙarni na 19 kuma an jiƙa shi da sinadarin ƙarfe don ya yi nauyi, yau yana tsattsagewa da kansa ko ba a taɓa shi ba. Shi ya sa a gidajen tarihi ba a rataye masu nauyin. Kwantar da su ake yi a faffaɗan akwati, a sa takarda mai laushi a kowane ninki, cikin duhu da sanyi, ba a fito da su sai na ƴan watanni.

Wannan dabara ta kwantarwa za ta yi wa masu babbar riga ta gado amfani, da masu leshin aure mai duwatsu: kada a rataye, kada a ɗaure a leda, a riƙa sauya wurin ninki lokaci-lokaci, a nisanta da rana da laima.

Ƴan'uwanmu da ke Faransa kuwa, in kuna son gani da idonku ba sai kuna da miliyan 250 ba. A Paris akwai Palais Galliera, gidan tarihin tufafi na birnin, akwai kuma sashen tufafi a Musée des Arts décoratifs. Masu bi ta Maroko, an buɗe gidan tarihin Yves Saint Laurent a Marrakech a 2017. Duk wanda ya je, ya matsa kusa da gilashi ya duba yadda aka jera duwatsun, in an yarda da ɗaukar hoto ya turo mana a lambar shiri. Telarmu ta sati biyu ta ce tana jira.